Kukan Jariri da Shirunsa

A karanta: Zabura 22:9-10, Zabura 131, 1 Sama'ila 1:20-28.

Da wuya Lahadi ta wuce ba mu ji kukan jariri cikin majami'a ba. Mai wa'azi yana tsakiyar magana, sai wani ɗan ƙaramin mutum ya ta da murya daga wajen mata. Dattijo ya juya ya harari uwar, ita kuwa ta saɓi ɗanta ta fita da sauri, kunya ta rufe ta. Mun saba da wannan har ba mu tunani a kansa. A wannan wata muna so mu tsaya a kan kukan nan, mu tambayi kanmu abin da yaron yake nema, da abin da yake samunsa in ya nema bai samu ba. Gama akwai wa'azin da ake yi wa mutum tun bai san harshe ba, kuma a bayan uwa ake yinsa.

Ku buɗe Zabura 22. Ita ce zaburar da Ubangijinmu Yesu ya ɗauki farkonta a bakinsa sa'ad da yake kan gicciye. Mai zabura yana cikin tsanani, maƙiya sun kewaye shi, yana ganin kamar Allah ya yi nisa. To, ina ya je ya nemo ƙarfi? A aya ta 9 da ta 10 ya koma can baya ƙwarai, har zuwa kwanakin da yake shan nono, ya shaida a nan ne Allah ya fara koya masa dogara. Abin mamaki ne. Jariri bai san sunan Allah ba, ko sunan kansa bai sani ba. Yaya zai koyi dogara? Ga yadda yake koyo. Yunwa ta kama shi, ya yi kuka, sai ga nono. Sanyi ya kama shi, ya yi kuka, sai ga hannu mai ɗumi. Ya firgita da dare, sai ya ji muryar da ya sani. Sabon haihuwa yakan sha nono sau 8 zuwa 12 cikin yini da kwana. Ku lissafa: kafin ya shekara ya kira an amsa masa sau dubbai. Da haka yake gane akwai mai jinsa, shi kuma abin kula ne. Da wannan guzuri zai shiga wasa da yara, da shi zai shiga ɗakin aure. Da shi kuma zai zauna a Makarantar Lahadi ranar da malama za ta gaya masa Allah Uba ne mai jin addu'a.

Kada wani ya ce wannan sabuwar koyarwa ce ta Turawa. Gaskiyar magana, Turawa sun yi ɓatan kai kafin su komo inda kakanninmu mata suke tsaye. A 1928 wani mashahurin malami na Amurka, John Watson, ya buga littafi yana gargaɗin iyaye kada su riƙa rungumar 'ya'yansu ko su ɗora su a cinya, wai hakan yana lalata yaro. Waɗansu likitoci suka koyar a ba jariri nono da agogo, bayan kowace sa'a huɗu, in ya yi kuka a tsakani a ƙyale shi. Koyarwar ta ƙetaro teku har Afirka, waɗansu suka ɗauka ita ce wayewa.

Abin da ya buɗe musu ido abin baƙin ciki ne. A 1945 wani likita, René Spitz, ya ba da labarin gidaje biyu da ya bincika. Ɗaya gidan 'yan tsintuwa ne, ga tsabta, ga abinci, ga magani, amma mace ɗaya ce take kula da jarirai wajen takwas, kowane yana kwance shi kaɗai a gadonsa. Ɗayan kuwa ɗakin raino ne na kurkukun mata, inda kowace fursuna take rainon ɗanta da kanta. 'Ya'yan fursunoni suka yi girma lafiya. Na gidan tsabta fa? Suka rame, suka daina murmushi, kowane ciwo ya zo sai ya kwashe su. Cikin yara 91, 34 suka mutu cikin shekara biyu. A Landan kuma Likita John Bowlby ya rubuta a 1944 labarin yara 44 da aka kawo masa saboda sata. Ya sami 14 daga cikinsu da wani irin hali, ba su shaƙu da kowa ba, ba su jin zafin kowa. Da ya bi tarihinsu, 12 daga cikin 14 an raba su da mai rainonsu na dogon lokaci tun suna ƙanana. A 1951 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga rahotonsa, inda ya nuna jariri yana bukatar mutum ɗaya tsayayye mai ƙaunarsa kamar yadda yake bukatar abinci.

Amma inda aka ga abin sarai, a Afirka ne. Wata malama, Mary Ainsworth, wadda ta yi aiki tare da Bowlby, ta zauna a Yuganda a 1954 da 1955. Tana shiga ƙauyukan da suke kusa da Kampala, tana zama a gidaje 26, tana duban jarirai 28 da uwayensu, kowane gida sau ɗaya cikin mako biyu, har wata tara. Abin da ta gani, kowace uwa cikinmu ta gan shi a tsakar gidanta. Yaro mai rarrafe ya sauka daga cinyar uwa, ya tafi ya taɓa ƙwarya, ya waiwayo ya ga uwa tana nan, ya ƙara gaba. Baƙo ya yi sallama, sai ya dawo da sauri ya kama zanenta. Da ya natsu, sai ya sake fita. Ashe wanda ya tabbata uwa tana nan shi ne mai ƙarfin zuciyar yin nisa. Cikin jariran nan, 16 sun kasance haka. Bakwai kuwa masu yawan kuka ne ko suna hannun uwa, ba su sakinta, ba su kuwa natsuwa da ita. Biyar ba su riga sun shaƙu da kowa ba. Ta kuma lura uwayen da suka fi sanin 'ya'yansu, waɗanda in an tambaye su za su ba da labarin halin yaron dalla-dalla, su ne masu 'ya'ya natsattsu.

Da ta koma Amurka ta yi irin wannan aiki a birnin Baltimo, ta sami abu iri ɗaya. Ta kuma sami amsar maganar da muke yawan yi, wai ɗaukar jariri duk lokacin da ya yi kuka yana sangarta shi. A 1972 ta nuna jariran da aka fi saurin amsa kukansu a watannin farko, su ne suka fi ƙarancin kuka da suka kai shekara. Wani zai ce, ai Littafi ya ce a hori yaro. Gaskiya ne, muna kuwa riƙe da wannan. Amma horo na wanda ya fara sanin dama da hagu ne. Ɗan wata huɗu ba shi da makirci. Kuka ne kaɗai harshen da Mahaliccinsa ya ba shi.

Ta shirya wani ɗan gwaji na wajen minti 20. Uwa da ɗanta ɗan shekara ɗaya su shiga ɗakin da bai sani ba, uwa ta fita kaɗan, ta komo. Ba kukan fita ake dubawa ba, gama yara sun bambanta a wannan. Komowa ake dubawa. Yawancin yara, wajen shida cikin goma a ƙasashe dabam dabam, sukan nufi uwa, ta ɗauke su, su huce, su koma wasa. Waɗansu sukan nufe ta suna tura ta, su ƙi hucewa. Waɗansu kuwa ko kallonta ba su yi, sai su ci gaba da wasa kamar ba abin da ya faru. Mai kallo zai ce, kai, ga yaro mai haƙuri! Amma da aka auna bugun zuciyar irin waɗannan, sai aka ga tana gudu kamar ta mai kuka. Yaron ya riga ya koyi in ya miƙa hannu ana ture shi, don haka ya daina miƙawa. Hausawa suna cewa shiru ma magana ce. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

To, ina abin yake kai yaro in ya girma? A jihar Minisota ta Amurka aka fara bin mata matalauta 267 masu cikin fari a 1975, aka bi 'ya'yansu har suka zama magidanta. Da yaran suka kai shekara huɗu zuwa biyar, malaman makarantarsu, waɗanda ba a gaya musu tarihin kowa ba, suka shaida waɗanda suka sami natsuwa a hannun uwa sun fi tsayawa da ƙafafunsu, sun kuma fi jin tausayin ɗan'uwa in ya faɗi. Da aka haɗa yara biyu biyu su yi wasa, cin zali ya fi fitowa daga wajen waɗanda aka saba turewa, natsattsun kuwa ba su ci zali ba, ba su kuma yarda a ci zalinsu ba. A shekara goma sun fi iya riƙe aboki. Da suka kai shekara ashirin da ɗoriya, in sun yi faɗa da wanda suke nema da aure, sun fi saurin hucewa. Dattawan ekklesiya waɗanda suke zama sulhun aure sun san irin mutumin da ba ya iya cewa "na ji zafi", sai ya yi gum mako guda, da irin matar da in mijinta ya yi jinkirin sa'a ɗaya a kasuwa ta tabbata ya rabu da ita ke nan. Ba kullum ba ne, amma sau da yawa saiwar abin tana can nesa, inda su kansu ba su tunawa.

Yanzu bari mu komo gida. Muna da abin godiya da yawa. Goyo baiwa ce. Jaririnmu yana kwana a jikin uwa, yana yini a baya, yana jin numfashinta. Wankan jego a gidan iyaye yana ba sabuwar uwa hutu da masu taimako. Kada mu sayar da waɗannan don mu yi kama da wani. An ma yi irin binciken nan a ƙasar Hausa, aka buga shi a 1977. Robert Marvin da Robert LeVine da abokan aikinsu suka dubi jarirai 18, suka ga kowane ya shaƙu da mutum uku ko huɗu na gidan, amma akwai ɗaya da ya fi nufa in ya tsorata, wato wadda ta fi ɗaukarsa, ko ita ta haife shi ko ba ita ba. Wannan ya nuna yawan hannu ba laifi ba ne. Ɗa na kowa ne, amma shi jaririn ya san nasa.

Akwai al'adu kuwa da ya kamata mu auna su da Maganar Allah, na farkonsu yaye. A wurare da yawa har yanzu, ranar da za a yaye yaro sai a shafa maɗaci a nono, a ɗauke shi a kai shi wani gari wurin kaka, ya yi wata ɗaya ko fiye bai ga uwarsa ba. Rana ɗaya ya rasa nono, da baya, da murya, da ɗakin da ya sani. Sai a aiko da labari: ya yi kuka kwana uku, yanzu ya haƙura, ya manta. 'Yan'uwa, bai manta ba. A Ingila a dā in an kwantar da yaro a asibiti ba a barin iyaye su zo sai jefi-jefi, ma'aikata suna cewa ai yakan yi shiru bayan kwana kaɗan, zuwan uwa ne yake ta da shi. Wani ma'aikaci, James Robertson, ya zauna yana kallon yaran nan. A 1952 ya ɗauki hoton majigi na wata yarinya 'yar shekara biyu da ta yi kwana takwas a asibiti. Shi da Bowlby suka bayyana matakai uku. Da fari yaro yana ihu yana duban ƙofa. Daga nan ya yi lamo, ya fid da zuciya. A ƙarshe, in rabuwar ta daɗe, ya fara ci yana yi wa kowa murmushi, amma in uwarsa ta zo sai ya kau da kai. Wannan na ƙarshe shi muke kira haƙuri. Mu ma mun gan shi: yayayye ya komo daga wurin kaka, uwa ta miƙa hannu, ya ɓuya bayan wata, mutane suna dariya suna cewa ya manta da ita. Ita ma takan yi dariya a gaban mutane. A 1959 wani kwamiti na gwamnatin Ingila ya ba da shawara a bar iyaye su riƙa zuwa wurin 'ya'yansu a asibiti ba tare da ƙayyade lokaci ba. Su sun gyara tasu al'ada.

Ku dubi Zabura 131. Dawuda yana so ya kwatanta ran da ya natsu a gaban Allah, sai ya ɗauki misalin yayayyen yaro. Amma ku lura inda yaron yake. Ba a wani gari yake ba, yana jikin uwarsa. An hana shi nono, ba a hana shi uwa ba. Dā yana zuwa wurinta domin abin da zai sha, yanzu yana kwance a jikinta domin ita kanta. Wannan shi ne yaye mai kyau, shi ne kuma girman bangaskiya: mai bi ya kai inda in Allah ya hana shi abin da ya roƙa, ba zai ce Allah ya yashe shi ba. Wanda aka koya wa tun yana ɗan shekara biyu cewa ranar hani ita ce ranar rabuwa, wannan darasi zai yi masa wuya.

Wani zai kawo Hannatu, ya ce ai ita ma ta yaye Sama'ila ta kai shi Shilo ta bar shi. Haka ne, ba mu ɓoye ba. Amma ku karanta labarin a hankali. Ta ƙi bin mijinta zuwa hadaya ta shekara shekara, ta zauna gida da yaron har ya isa yaye, Elkana kuwa ya yarda mata. Masana suna cewa a zamanin nan akan shayar da yaro har wajen shekara uku. Wa'adi ne ta yi wa Allah, ba al'ada take bi ba. Kowace shekara kuma tana ɗinka masa 'yar riga ta kai masa da hannunta, domin ya sani ba a yar da shi ba. Haka nan Musa: kafin ya shiga fadar Fir'auna, Allah ya shirya uwarsa ta shayar da shi, har ana biyanta lada.

Ba mu ce kaka ba ta da wuri ba. Na'omi ta ɗauki Obida tun yana jariri ta yi rainonsa. In kaka tana gida ɗaya da yaron, ya saba da bayanta, to, kwana a ɗakinta lokacin yaye ba rauni ba ne, gama uwa tana tsakar gida da safe. In tana nesa, ita ta zo. A rage nono kaɗan kaɗan, na rana tukuna, na dare daga baya, a ƙara masa koko da ɗauka. Likitoci suna ba da shawara nono zalla wata shida, a ci gaba tare da abinci har shekara biyu ko fiye, saboda haka ba abin gaggawa.

Sai kunyar ɗan fari. Muna taɓa wannan a hankali, gama kunya ado ce. A dā yarinya ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, amma gidan cike yake da kaka da gwaggo da inna, ɗaya daga cikinsu takan mai da shi nata. Al'adar ta hana da hannu ɗaya, ta bayar da ɗayan. Yau saurayi da amaryarsa suna ɗakin haya a birni su kaɗai. In uwa ta riƙe kunya a can, wa zai yi wa yaron wasa? Mun riƙe rabin al'ada, mun yar da rabin da yake ceton yaron. A bakin Urdun, Uba na sama bai ji kunyar Ɗansa ba. Ya ta da murya a gaban jama'a ya shaida ƙaunarsa gare shi.

Iyayenmu mata masu aikin asibiti da makaranta da kasuwa, ba mu ɗora muku laifi ba, gama da guminku gidaje da yawa suke ci. Abu ɗaya muke roƙo. Kada a riƙa sauya 'yar raino kamar zane, wannan wata uku, waccan wata biyu. A gare ku mai aiki ce ta tafi, a gare shi ɗaya daga cikin mutanensa uku ko huɗu ce ta ɓace. Ku nemi mai hankali, ku riƙe ta da kyau, ku biya ta hakkinta, ku sa ta makaranta in yarinya ce. Rifkatu tana da mai raino, Debora, wadda ta bi ta har gidan aure. Da ta rasu, gidan Yakubu suka binne ta a Betel, suka sa wa itacen wurin suna na makoki. Littafin Farawa bai ba da labarin ranar mutuwar Rifkatu ba, amma ya ba da na mai rainonta.

Ku magidanta, kada ku ce wannan zancen mata ne. Jariri yana shaƙuwa da uba in uba yana ɗaukarsa. Banda haka, matar da aka zage ta da safe, ko aka bar ta ba cefane, da wace fuska za ta dubi ɗanta? Wani malami, Edward Tronick, ya nuna a 1975 in uwa ta daskare fuskarta minti biyu ko uku kawai, jariri yakan yi ta murmushi yana miƙa hannu don ya komo da ita, in ya kasa sai ya juya kai ya rushe da kuka. Akwai matan da baƙin ciki mai nauyi yake kama su bayan haihuwa. Ciwo ne, yana da magani, a kai su asibiti, kada a ce rashin bangaskiya ne. Akwai kuma fuskar da waya take daskarewa, ta uwa da ta uba duka. Wannan ba ya bukatar likita.

Mun sani wata uwa tana karanta wannan zuciyarta tana sukarta. 'Yar'uwa, ba uwar da take amsa kowane kuka. Shi Tronick ɗin ya auna, ya ga ko tsakanin uwa da ɗa masu lafiya, wajen kashi ɗaya cikin uku na lokaci ne kaɗai suke daidai da juna. Sauran duk saɓani ne da gyara. Komowar ita ce abin. Ana cewa hali zanen dutse, amma masu binciken Minisota da kansu sun ga in zaman gida ya gyaru, yaro yakan gyaru, in ya lalace, natsattse ma yakan rikice. Akwai manya da yawa da suka tashi ba gata, suka sami kawu, ko malami, ko miji ko mata mai haƙuri, suka zama iyaye nagari. Mu da muka gaskata da sabuwar haihuwa ba mu da ikon yanke wa kowa ƙauna.

Wannan ya kawo mu ga marayu. Tun 2009, musamman a 2014 sa'ad da Gwoza da Mubi suka faɗa hannun 'yan Boko Haram, ekklesiyoyinmu sun karɓi yara da yawa da suka rasa iyaye a guje. Suna tuna mana da Mefiboshet ɗan Jonatan, wanda yana ɗan shekara biyar mai rainonsa ta ɗauke shi a guje ranar mugun labari, ya faɗi ya gurgunce. Abin da yake fara zuwa mana a rai shi ne mu tara kuɗi mu gina gidan marayu. Mun yi haka a baya da kyakkyawar zuciya, muka jera gadaje, muka ɗauki ma'aikata masu karɓa-karɓa. Amma ku ji abin da ya faru a Rumaniya. Da mulkin ƙasar ya faɗi a Disamba 1989, aka tarar da yara fiye da 100,000 a gidajen gwamnati. Likita Michael Rutter ya bi 165 da aka kai Ingila aka ba iyalai. Waɗanda suka fita kafin su cika wata shida, yawancinsu suka tashi kamar sauran yara. Cikin waɗanda suka daɗe, da yawa sun kasance masu bin kowane baƙo, ba su bambanta nasu da bare, waɗansu har girmansu. A birnin Bukares kuma aka bi yara 136, aka ba rabi ga iyalai masu riƙo, rabi suka zauna a gidan gwamnati. A shekara uku da rabi, kusan rabin na hannun iyalai sun sami natsuwa da mai riƙonsu, na gidan gwamnati kuwa ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Dawuda bai gina wa Mefiboshet ɗaki a bayan gari ba, a teburinsa ya zaunar da shi tare da 'ya'yansa. Kuɗin da za mu sayi bulo da kwano, in muka raba wa gidajen masu bi da za su riƙi yaro ɗaya ɗaya, dattawa da Zumuntar Mata suna zagawa suna dubawa, zai fi kai wa inda ake bukata. A bar wa da ƙane wuri ɗaya, kada a raba su.

Ke kuma da kika karɓi irin yaron nan, ga abin da za ki tarar. Watannin farko zai yi shiru, ya ci abin da aka ba shi, ya bi kowa, maƙwabta su yaba haƙurinsa. Daga baya zai fara rigima, kuma ke zai yi wa. Zai kama zanenki in za ki kasuwa, ya yi fitsarin kwance, ya ɓoye tuwo a ƙarƙashin tabarma, ya yi kuka a kan abin da bai kai ba. A nan ne da yawa suke cewa yaron ya lalace, su mai da shi ko su miƙa wa wani. Kada ki mai da shi. Yana gwada ƙofar ne ya ga ko ke ma za ki fita. In za ki tafi wani wuri, kada ki sulale yana barci. Ki gaya masa inda za ki, ki ce za ki komo kafin a ɗora tukunyar dare, ki bar masa ɗankwalinki ya riƙe, ki kuwa komo a lokacin da kika faɗa.